Ɓurɓushin roba a cikin tsuntsaye: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa fige kaza ya tsaga ƙundunta ya san abin da akan tarar a ciki: tsakuwa, yashi, da ragowar dawa ko gero. Ranar da muka yanka wata zabuwa saboda baƙi, na zazzage ƙundun a faranti, sai ga ƙullin farar leda irin wadda ake ɗaura gishiri a cikin tsakuwar, ga wani shuɗin ɓalli da na tabbata daga tsohon bokitinmu ya fito, ga kuma zaren buhu ya cukurkuɗe su wuri guda. Zabuwar nan a ido lafiyarta lau, sai da yara uku suka yi gumi kafin su kama ta. Tun daga ranar nake bin diddigin abin da masana suka gano game da tsuntsaye da roba. Tambayoyin da ke tafe wasu nawa ne, wasu kuma mutane ne kan yi mini su idan zancen ya taso.

Mene ne ɓurɓushin roba, kuma daga ina yake fitowa?

Duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba, wato kamar girman ƙwayar dawa zuwa ƙasa, har zuwa wanda ido ba ya iya gani, shi ake nufi. Wani masanin teku na Jami'ar Plymouth a Ingila, Richard Thompson, shi ya yayata sunan a 2004, bayan ya tarar da irin wannan gari a yashin bakin teku da cikin ruwa.

Mafi yawansa daga manyan kaya yake fitowa. Roba ba ta ruɓewa yadda ganye ko takarda ke yi. Rana ta gasa ta, ta bushe, ta yi ƙamas, iska da ruwa da ƙafa su farfasa ta. Ledar da aka yar bana, baɗi ta zama ɗaruruwan tsumma, bayan wasu shekaru ta zama gari, amma har yanzu roba ce. Akwai kuma wanda ke zubowa daga tayar mota yayin da take cinyewa a kan kwalta, da zaren da ke fita daga tufafin roba a wurin wanki. Thompson da abokiyar aikinsa Imogen Napper sun auna a 2016 cewa wanki ɗaya na kilo 6 a inji zai iya sakin zare sama da 700,000. Sai wanda tun asali ƙarami aka ƙera shi, irin ƙwayoyin da masana'antu ke narkawa su yi bokiti da kujera. Da jirgin ruwan X-Press Pearl ya kama da wuta a gaɓar Sri Lanka a 2021, kimanin tan 1,680 na waɗannan ƙwayoyi yake ɗauke da su, suka malale bakin teku kamar an shanya shinkafa.

Tsuntsu yana da ido, me ya sa zai ci abin da ba abinci ba?

Na daɗe ina ɗauka rashin wayo ne, sai daga baya na gane muna zaluntar tsuntsun da wannan zato. Tsuntsayen da ke rayuwa a tsakiyar teku da hanci suke neman abinci. Idan ƙananan jatan lande suka far wa gansakukar ruwa suna ci, wani wari na musamman yakan tashi, kuma shi ne alamar da tsuntsu ke bi tun daga nesa, ya san akwai kalaci a wurin. A 2016 Matthew Savoca na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya jiƙa ƙwayoyin roba a teku na mako uku, da ya ciro su sai ya tarar gansakuka ta lulluɓe su, suna fitar da ainihin wannan wari. Ya kuma gano cewa jinsunan da suka dogara da warin sun fi sauran cin roba kusan ninki shida. Hancin da ya ciyar da kakanninsu dubban shekaru shi ne yanzu yake kai su ga murfin gora.

Ido ma yakan yaudare su. Ƙwayar roba mai sheƙi tana kama da ƙwan kifi. Farar shamuwar Turai kuwa takan haɗiye robar ɗaure kaya tana zaton tana ce. Masu cin hatsi, irin kaza da kurciya da zabo, dama ɗabi'arsu ce su tsinci abu mai tauri su ajiye a ƙundu don niƙa, ba sa bambanta tsakuwa da ɓallin bokiti. Akwai kuma hanyar da tsuntsu ba shi da zaɓi ko kaɗan: ya ci kifi ko ɓera ko ƙwaron da ya riga ya ci robar.

A ina aka fi ganin abin ƙuru-ƙuru?

A wani ɗan tsibiri mai suna Lord Howe, kimanin kilomita 600 gabas da Ostireliya. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, babu masana'anta, babu juji, tun 1982 yake cikin wuraren da UNESCO ta keɓe don darajarsu. A nan wani baƙin tsuntsun teku mai jan ƙafa, daga dangin da Turawa ke kira shearwater, yake haƙa rami cikin daji ya saka ƙwai guda ɗaya tak a shekara. Uwa da uba sukan fita teku su yi kiwo, su dawo da dare su amayo wa ɗan tsakon abinci a baki. Haka za su yi ta yi wajen kwana 90, ɗan bai taɓa ganin teku ba, bai taɓa ɗaukar komai da bakinsa ba. Duk abin da ke cikinsa iyayensa ne suka kawo.

A ƙarshen watan Afrilu zuwa Mayu 'ya'yan ke fitowa daga ramuka, su nufi bakin ruwa, don fara tafiyar dubban kilomitoci zuwa tekun da ke kusa da Japan. A daidai lokacin ne Dakta Jennifer Lavers da tawagarta, waɗanda suka shafe fiye da shekara goma suna zuwa tsibirin, suke tare su. Sukan zura siririn tiyo ta baki, su ɗura ruwa a hankali, su kifa kan tsuntsun ya amayo abin da ke ciki. A wasu shekarun, kusan tara cikin goma na 'ya'yan da aka duba akwai roba a cikinsu. Ana samun murfin kwalba, guntun cokali, kan biro, ɓallin da ba a san asalinsa ba. An taɓa ciro guda 276 daga ɗan tsako ɗaya, aka ɗauka abin ya kai maƙura. A 2025 aka ƙirga guda 778 a cikin wani. Masu aikin suna cewa idan ka ɗan danna cikin irin wannan tsuntsu kana jin ƙarar robar tana gugar juna a ƙarƙashin yatsanka, alhali yana raye, yana kallonka.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan ɗan tsako bai ja komai ba, yana kwance ne a rami a ɗaya daga cikin wurare mafi tsabta a duniya.

To me robar ke yi idan ta shiga ciki?

Abu na farko, tana cin wurin abinci. Wanda ya fara gwada wannan a fili, Peter Ryan na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, da 'yan tsaki na kaji ya yi gwajin a 1988. Ya ba wasu ƙwayoyin roba, ya bar wasu. Waɗanda suka ci robar sun rage cin abinci, kuma girmansu ya yi baya. Ciki ya cika, tsuntsu yana jin ƙoshi, jiki kuwa yana ramewa. Ga ɗan tsuntsun da ke buƙatar tara kitse don tsallaka teku, wannan kaɗai ya isa ya hana shi kaiwa.

Na biyu, takan toshe hanya, ko mai kaifi ta huda hanji. Wannan shi ke kisa nan take.

Na ukun ne ya fi tayar mini da hankali, kuma sai a 2023 aka ba shi suna. Tsuntsu yana da ciki biyu: na farko mai laushi, inda 'yan kafofi ke tsatso ruwan narkar da abinci, sai ƙundu mai tauri da ke niƙa. Hayley Charlton-Howard, da Alex Bond na gidan adana tarihin halittu na Landan, da Lavers, da Jack Rivers-Auty, sun duba naman wannan ciki na farko daga tsuntsayen Lord Howe a ƙarƙashin madubin likita. Suka tarar robar tana ta soke bangon cikin, ya kumbura, ya warke, ta sake sokewa, har tabo ya hau kan tabo. Naman tabo ba ya miƙewa, kuma 'yan kafofin nan sukan lanƙwashe su lalace, wasu su ɓace gaba ɗaya. Sun kira ciwon plasticosis, wato ciwon tabon roba, a kan ƙirar sunan cututtukan huhun da ƙurar dutse ke sa wa masu fasa duwatsu. Tsuntsun da cikinsa ya zama haka, ko ya sami kifi, ba lalle ya iya narkar da shi yadda ya kamata ba.

Amma ai tsuntsaye sun saba haɗiyar tsakuwa. Mene ne bambancin?

Masu binciken sun yi wa kansu wannan tambaya. Tsuntsayen Lord Howe sukan haɗiyi wani dutse marar nauyi na aman wuta da ke yawo a saman ruwa, kuma shi ma yana da kaushi. Da aka gwada, yawan dutsen a ciki ba shi da alaƙa da tabon, yawan roba ne ke da ita. Jikin tsuntsu ya san dutse, yana cinye shi a hankali ya fitar. Roba kuwa takan tsage ta yi baki kamar reza, ta daɗe a wurin, kuma duk lokacin da ƙundu ya murza ta sai ta zubar da wasu ƙananan da suka fi ta iya kutsawa cikin nama.

Ɓarnar a ciki kawai take tsayawa?

A'a. Tawagar ta tarar da ɓurɓushin ya nutse cikin naman tumbi da saifa da ƙoda, tare da kumburi a kewayensa. Tun a 2019 gwajin jinin 'ya'yan tsuntsayen ya nuna cewa masu roba a ciki suna da ƙarancin sinadarin da ke gina ƙashi, nauyinsu ya gaza, fiffikensu da bakinsu sun fi gajarta, kuma akwai alamun ƙoda na wahala.

A watan Maris na 2025 wata ɗaliba a tawagar, Alix de Jersey, ta fitar da binciken da ya wuce nan. Da gangan ta zaɓi 'ya'yan da a ido ba abin da ya same su, masu ƙiba, masu kuzari. A jinin waɗanda suka ci roba da yawa ta sami sinadaran da wurin zamansu cikin tumbi ne, abin da ke nuna bangon ya fara yoyo. Ta ga alamun hanta da ƙoda suna gazawa. Ta kuma ga raguwar wani sinadarin da ƙwaƙwalwa ke buƙata don girma da riƙe abu, irin raguwar da ake dangantawa da ciwon mantuwa a tsofaffin mutane, a jikin tsuntsun da bai cika kwana 100 a duniya ba. Waɗannan tsuntsaye da murya suke gane abokan zamansu cikin duhu. Wannan ne ya tuna mini da zabuwarmu: kuzarin da muka gani a tsakar gida bai gaya mana komai game da cikinta ba.

Ko ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji suna taimakon narkewar abinci ba su tsira ba. Wani bincike na 2023 ƙarƙashin Gloria Fackelmann, a kan tsuntsayen teku 85 daga Kanada da tsibiran Azores, ya nuna cewa idan roba ta yi yawa masu amfanin sukan ragu, masu sa cuta da masu bijire wa magani su ƙaru.

Ana cewa akwai guba a jikin roba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ta fuska biyu. Masana'anta na zuba wa roba sinadarai don ta yi laushi, ta yi launi, ta jure rana, ko kada ta kama wuta. Sannan idan tana yawo a ruwa takan zuƙi dattin da ke narke a ciki kamar soso. Masana a Japan, ƙarƙashin Farfesa Hideshige Takada, sun nuna tun 2001 cewa ƙwayar roba na iya tara wasu gubobin masana'antu har ninki miliyan na abin da ke cikin ruwan da ke kewaye da ita.

Tsuntsayen teku da yawa suna da wani mai a cikin tumbinsu, kuma man nan yana saurin tatso sinadaran daga robar fiye da yadda ruwa zai yi. A 2020 Kosuke Tanaka da abokansa suka ciyar da 'ya'yan wani tsuntsun teku ƙwayoyin roba masu ɗauke da sanannun sinadarai, daga baya suka same su sun taru a hanta da kitse. Wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai an san suna rikita tsarin da ke tafiyar da girma da haihuwa.

Guda nawa ke kashe tsuntsu?

Lauren Roman da abokan aikinta a Ostireliya sun duba gawarwakin tsuntsayen teku 1,733 daga jinsuna 51, suka fitar da sakamakon a 2019. Lissafinsu ya nuna guda ɗaya tak yana ɗauke da haɗarin mutuwa na kimanin kashi 20 cikin 100, idan suka kai 9 haɗarin ya zama rabi da rabi, idan kuma suka kai 93 mutuwa ta zama tabbas. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne mai laushi ya fi mai tauri kisa. Guntun balan-balan ya fi ɓallin roba mai tauri haɗari sau 32, domin yakan naɗe ya liƙe a mashigar hanji. Mai karatu ya tuna da wannan idan muka zo kan leda.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya ɓangaren. Ita dai Roman ta ciyar da salwa ɓurɓushin roba a keji, daidai gwargwadon abin da akan samu a daji, ba ta ga mace-mace ko ramewa mai ɗorewa ba. Abin da ta gani shi ne ɗan jinkirin girma da balaga, da ƙulli-ƙulli a gaɓoɓin haihuwar wasu mazan. Ke nan illar ta danganta da yawan robar, da siffarta, da jinsin tsuntsun, da kuma ko yana samun isasshen abinci. Salwar keji an ajiye mata dusa a gaba, ɗan tsuntsun Lord Howe kuwa teku ce a gabansa.

Me ya hana shi amayar da ita ko kashayar da ita?

Wasu suna iyawa. Mujiya da shaho da tsuntsayen bakin teku da dama sukan dunƙule ƙashi da gashi su tofar, roba ta biyo. Ƙanana sosai kuma sukan fita da kashi. Amma dangin tsuntsun Lord Howe suna da matsattsiyar hanya tsakanin cikin farko da ƙundu, abin da ya wuce ba ya komowa da sauƙi, kuma ya fi ƙarfin fita ta ƙasa sai an niƙe shi. Babba yakan sami sauƙi ne lokacin da yake ciyar da ɗansa, domin tare da kifin yake juye masa robar da ya tara.

Tsuntsayen teku nawa abin ya shafa?

Chris Wilcox da abokansa na hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya sun tattara bayanan shekaru hamsin a 2015. A farkon shekarun 1960 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na tsuntsayen da aka duba ne ke da roba, zuwa 2010 abin ya kai kashi 80. Suka ƙiyasta cewa nan da 2050 kashi 99 na jinsunan tsuntsayen teku za su shiga ciki. Ba abin mamaki ba ne idan aka dubi yadda ƙera roba ya tashi daga kimanin tan miliyan 2 a 1950 zuwa tan miliyan 460 a 2019, kuma kashi 9 kacal ake sake sarrafawa.

Ƙasashen da ke kewaye da Tekun Arewa a Turai har sun mai da cikin wani tsuntsu mai suna fulma ma'aunin dattin ruwansu, aikin da Jan van Franeker na Holan ya jagoranta. Ana tsinto matattu a bakin ruwa a auna robar da ke cikinsu. Burinsu shi ne kada fiye da ɗaya cikin goma su wuce giram 0.1. A zahiri kusan tara cikin goma akwai roba a cikinsu, kuma kusan rabi sun haura wancan ma'auni.

A tsibirin Midway da ke tsakiyar Fasifik, an ƙiyasta manyan tsuntsayen albatiros suna ɗura wa 'ya'yansu kimanin tan 5 na roba kowace shekara, har da laita da buroshin haƙori. A tsibirin ne wata albatiros mai suna Wisdom take, wadda aka sanya wa zobe a ƙafa tun 1956, kuma ta sake saka ƙwai a ƙarshen 2024. Na kawo ta ne don a ga irin halittar da ake magana a kai: masu tsawon rai, masu haihuwar ɗaiɗai. Idan 'ya'yan shekara guda suka salwanta, ba kamar kaji ba ne da za su cike gurbin kafin damina.

Mu da muke nesa da teku, ina ruwanmu?

Teku ce ta fara tona asirin, amma robar a tudu aka yi ta, kuma a tudu mafi yawanta take zaune. A jihar Florida ta Amurka an duba tsuntsaye masu farauta 63, irin su shaho da mujiya, a binciken da ya fito a 2020, kuma kowane ɗaya akwai ɓurɓushi a cikinsa, mafi yawa zare. A kogunan kudancin Wales, masanan Jami'ar Cardiff sun ƙiyasta wani ɗan tsuntsu mai nutso yana haɗiyar kimanin guda 200 a rana ta hanyar ƙwarin ruwa. A Sifaniya shamuwoyi sukan yi kiwo a juji da rana, su kwana a fadama, su tofar da robar a can. A Kalifoniya, da aka yi ta ƙoƙarin ceto wata babbar ungulu da ta kusa ƙarewa, an tarar ƙananan tarkacen da iyaye ke kawowa sheƙa su ne kan gaba wajen kashe 'ya'yan.

Ba sai an yi wa mutumin Kano ko Maraɗi bayanin yadda balbela da hankaka da shirwa ke yini a bola da bakin kwata ba. Ruwan sama ɗaya yakan kwashe ledar unguwa guda ya zuba a kwalbati, daga nan sai rafi, sai fadama. Fadamun Haɗeja zuwa Nguru kuwa masaukin dubban tsuntsaye ne da ke ƙaura daga Turai duk hunturu, ga kuma na gida da ke zaune a wurin shekara da shekaru, duk daga ruwan nan da taɓonsa suke ci.

Kajin gida fa?

Binciken da ya fi kama da gidajenmu a Meziko aka yi shi. Esperanza Huerta Lwanga da tawagarta sun shiga gidajen ƙauye a jihar Campeche, inda kaji ke yawo a sake kuma ake ƙona shara ko binne ta a bayan ɗaki, suka fitar da sakamako a 2017. A giram ɗaya na ƙasa sun sami ƙasa da ɓurɓushi guda. A giram ɗaya na kashin tana, kusan 15. A giram ɗaya na kashin kaji, kusan 130. A kowane ƙundu kuma, kimanin guda 10. Ga hanyar nan a fili: daga ƙasa zuwa tana, daga tana zuwa kaza, ga kuma manyan guntayen da kazar ke tsinta da kanta, ƙundu ya niƙe su su ƙara yawa.

A wurinmu akwai ƙarin abin da ke jawo su. A leda muke ƙulla alale mu dafa, a leda ake sayo koko da awara da manja. Idan an gama aka wurgar, akwai maiƙo da ragowar abinci a manne. Ka tsaya ka kalli kaza da ledar alale: za ta taka da ƙafa ɗaya, ta yi ta fizga da baki, duk yagar da ta yi haɗiyewa take, 'yan tsaki kuma na biye suna kwaikwayo. Buhun dusa da ya sha rana shi ma gari yake zubarwa kai tsaye cikin abincinsu.

To a daina cin ƙundu ke nan?

Ban ga dalilin hakan ba. A tsaga shi, a zubar da abin ciki, a ɓare fatar nan mai ruwan ɗorawa, a wanke sosai, kamar yadda iyayenmu mata ke yi tun fil'azal. Abin da ke cikin ƙundun kada a watsa wa sauran kaji, a binne shi. Robar tana iso mu ta hanyoyin da suka fi wannan yawa, ta ruwa da iska da mazubin abinci: a 2022 masana a Amsterdam sun same ta a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada.

Idan na ƙona ledar, ba shi ke nan ba?

Wannan ne kuskuren da na fi so a guje wa. Wutar shara ba ta da zafin da zai cinye roba duka, takan bar dunƙulallen baƙin da ke farfashewa daga baya. Hayaƙin da tokar kuma suna iya ɗauke da wata muguwar guba mai suna dayoksin, musamman idan akwai wayar lantarki ko tiyo ko takalmin roba a ciki. Gubar takan zauna a ƙasa, kaza ta tono, ta taru a kitse da gwaiduwar ƙwai. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie a birnin Accra, inda a lokacin ake ƙona wayoyi don ciro tagulla, aka tarar ƙwai ɗaya ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci a rana har sau 220. Wancan wuri ne da abin ya yi tsanani ƙwarai, amma hanyar da gubar ta bi ɗaya ce da ta bayan gidan da ake cinna wa shara wuta kusa da akurki.

Akwai magani? Me mai kiwo zai yi?

Babu maganin da ke narkar da roba a cikin tsuntsu. Idan kaza tana ramewa alhali ga abinci, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa, ko jakar wuyanta ta kwana cike da tauri ba ta sauka ba, a kai wa malamin dabbobi, domin tsutsar ciki da wasu cututtuka ma haka suke nunawa. Kada a ɗura mata kananzir ko wani abu da sunan wanke ciki.

Abin da ke hannun mai kiwo shi ne tsakar gidansa. A juye ragowar abinci a kasko ko tire, ledar a ajiye inda baki ba ya kaiwa. A zuba musu yashi mai tsakuwa a gefe guda, don kazar da ta sami tsakuwa ba ta cika neman madadinta ba. Bokiti ko buhun da ya fara marmashewa a fitar da shi daga wurin kiwo. Alale kuma yana dahuwa a gwangwani ko ganye, kuma ya fi daɗi.

Hukumomi fa, me suka yi?

Rwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017 da hukunci mai tsanani. Nijar ta yi dokarta a 2014, sai dai wanda ya shiga kasuwa ya san doka daban, aiki da ita daban. Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso a watan Janairun 2024. A matakin duniya, ƙasashe sun amince a Nairobi a 2022 cewa za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa, amma taron Busan a ƙarshen 2024 da na Geneva a watan Agustan 2025 duk sun watse ba a cimma matsaya ba. Abin da ya raba su shi ne ko a rage yawan robar da ake ƙerawa, ko a tsaya ga kwashe shara kawai. A ganina wanda ya karanta labarin Lord Howe ya san amsar: tsibirin ba shi da sharar da za a kwashe, robar daga wata duniya ruwa ke kawo ta.

'Ya'yan tsuntsayen da aka wanke wa ciki, suna rayuwa?

Wankin yana fitar da abin da ke cikin tumbin farko, ya ba tsuntsun wurin zuba abinci, kuma wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga mai shirin doguwar tafiya. Amma ruwa ba ya goge tabo, ba ya ciro abin da ya riga ya nutse a ƙoda. Waɗanda suka rame ƙwarai sukan mutu a bakin ruwa, igiya ta dawo da su kan yashi da safe, a tsince su a kai ɗakin bincike a ƙirga abin da ke cikinsu. Masu sauran ƙarfi akan auna nauyinsu da tsawon fiffike, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a sake su cikin dare. Wanda ya tsallake yakan shafe shekaru a teku bai taka ƙasa ba, kafin ya komo tsibirin ya haƙa nasa ramin.